Idan maganin sida ya haɗu da wani magani a ciki ɗaya

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku ƴan uwa masu faɗakarwa da muke kira rele. Na san wata ta baro daka, wata ta baro yara a hannun maƙwabciya, don haka ba zan riƙe ku fiye da yadda maganar take buƙata ba.

Kun saba jin bakina a kan tamowa da awon damtse da kunun yara. Yau kuwa a kan maganin cutar sida zan yi magana, wanda ake kira ARV. Wata za ta ce a ranta, me ya haɗa ma'aikaciyar abinci mai gina jiki da maganin sida? Abin da ya haɗa mu shi ne ciki. Jar ƙwayar ƙarin jini da muke ba mai juna biyu, da ƙwayar zink da muke ba yaro mai zawo, da garin bitamin da ake barbaɗawa a kunu, duk ciki ɗaya suke sauka da maganin sida idan mutum yana shan sa. Kuma akwai daga cikin abubuwan nan da muke rabawa da hannunmu waɗanda suke iya rage wa maganin sida ƙarfi idan aka haɗiye su a lokaci guda.

Ba zan tambayi kowa ko tana shan maganin nan ba, kuma ina roƙo kada kowa ta waiwayi ta kusa da ita. Cutar ba ta da yawa a ƙasarmu idan aka kwatanta da wasu ƙasashen Afirka: binciken ƙasa na shekarar 2012 ya samu mutum 4 cikin 1000 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. To, amma ƙarancin nan shi ya sa mai ɗauke da ita take ƙara ɓoyewa, ba ta da wadda za ta tambaya. Shi ya sa nake faɗa wa kowa da kowa. Wadda abin ya shafa ta ɗauka ta yi shiru, wadda bai shafa ba ta riƙe, wataƙila wata rana ƙanwarta ko ɗiyarta za ta buƙace shi.

Maganin ARV ba ya raba mutum da cutar, danne ta yake yi. Idan ana shan sa kullum a kan lokaci, ƙwayar cutar tana raguwa a jini har awo ya kasa ganin ta, mutum ya yi ƙiba, ya yi noma, ya rayu kamar kowa. Kyauta ake ba da shi a likita. Yawancin manya a yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, domin magani uku ne a cikinta: tenofobir, da lamibudin, da dolutegrabir. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara a fifita dolutegrabir ga kowa, har da masu juna biyu. Ga uwa kuwa, amfanin ya wuce kanta. Idan ba a yi komai ba, cikin yara 100 da iyaye masu cutar suka haifa, 15 zuwa 45 suna ɗaukar ta a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan uwa tana shan magani yadda ya kamata, adadin yana sauka ƙasa da 5.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi. A wani wurin da na taɓa yin aiki akwai wata mace mai cikin wata shida, tana shan TLD. Ba ta taɓa tsallake rana ba, ungozomar likita ta ƙirga ƙwayoyinta ta tarar daidai. Amma da aka auna yawan ƙwayar cutar a jininta, sai ya fito sama da 1000, wanda shi ne alamar magani ba ya aiki. Aka yi ta yi mata faɗa cewa tana ɓoye gaskiya, ita kuwa tana rantsuwa. Sai da aka zaunar da ita aka ce ta faɗi yadda take wayar gari, daga tashi har hantsi, sannan abin ya fito. Da asuba, kafin kishiyarta ta tashi, takan buɗe ƙullin zanenta ta haɗiye komai gaba ɗaya don kada a gan ta da magani sau biyu: ƙwayar sida, da jar ƙwayar ƙarin jini, ta bi su da cokali biyu na farin ruwan maganin ƙwannafi da ta saya a kasuwa. Duk wannan kuma cikinta wayam, ba ta ko sha kunu ba.

Jar ƙwayar nan mu muka ba ta. Ni da kaina na tsaya a gaban layin mata ina cewa a sha ta kullum, ban ƙara ko kalma ɗaya a kan lokaci ba, domin a zatona maganar ba ta ɓangarena ba ce. Da aka raba mata lokutan, aka hana ta farin ruwan, kafin ta haihu awo ya sauka. Tun daga ranar ba na miƙa wa mace ƙwayar ƙarin jini ba tare da na faɗi abin da zan faɗa muku yanzu ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Dolutegrabir yana da wani hali irin na mayen ƙarfe. A jikin ƙwayar cutar sida akwai wani ɗan wuri mai sinadarin magnesiyam, nan maganin yake damƙewa ya hana ta hayayyafa. To, hannun da yake damƙar cutar da shi, da shi yake damƙar duk wani sinadari mai kama da wannan da ya tarar a cikin ciki: ƙarfen da ke cikin ƙwayar ƙarin jini, da kalsiyam, da zink, da magnesiyam da alminiyam da ke cikin maganin ƙwannafi. Idan ya damƙe su sai su manne da juna, hanji ya kasa tsotse shi, ya fita ta bayan gida bai shiga jini ba. An auna wannan a jikin mutane. Wanda ya sha dolutegrabir tare da ƙwayar ƙarfe ba tare da abinci ba, abin da ya shiga jininsa ya ragu da fiye da rabi. Tare da kalsiyam ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Tare da Maalox, farin ruwan nan na ƙwannafi, kusan kashi uku cikin huɗu ne ya salwanta. Mace tana ganin ta sha ƙwaya guda, alhali rubu'in ƙwaya ne ya yi mata aiki. Ƙwayar cutar da aka danne sai ta ɗago kai, ta sami hanyar zuwa ga ɗan da ke ciki ko wanda ke goye, kuma idan abin ya daɗe ana tsoron ta saba da maganin ta daina jin sa.

Ƙa'idar da likitoci suka kafa ita ce: a sha maganin sida awa 2 kafin waɗannan, ko kuma awa 6 bayansu. Na san ba kowa ke da agogo ba, kuma ko mai agogon ma lissafi yana rikita ta, don haka ga hanya mai sauƙi: ɗaya da safe, ɗaya da dare. Wadda take shan maganin sida bayan sallar asuba ta bar ƙwayar ƙarin jini sai bayan tuwon dare. Wadda ta saba shan nata da dare kafin ta kwanta ta sha ta ƙarin jini da safe. Kada a canja lokacin maganin sida saboda jar ƙwaya, ita jar ƙwayar ce za a matsar. Idan kuwa ya zama dole a haɗa su, kamar matar da na ba ku labarinta wadda ba ta da sukunin fito da magani sau biyu, to a sha su a tsakiyar cin abinci na sosai, tuwo ne ko shinkafa da wake ko fura mai kauri. An tabbatar abinci yana gyara matsalar ƙarfe da kalsiyam. Shan ruwan shayi ko tauna goro ba cin abinci ba ne. A watan azumi, ga wadda ba ta da ciki ko goyo kuma tana da lafiyar ɗaukar sa, rabon yana zuwa da sauƙi, ɗaya a sahur, ɗaya bayan buɗa-baki.

Kada wata ta ji wannan ta ce to bari ta bar ƙwayar ƙarin jini ta huta. Wannan babban kuskure ne. Ƙarancin jini yana daga cikin abubuwan da suke kashe mata wajen haihuwa, kuma mai cutar sida ta fi kowa fuskantar sa. Duka biyun ake buƙata. Haka nan kada a ji na ambaci kalsiyam a guji nono. Fura da nono, kwaɗon zogale, wake, ƙwai, hanta, kifi, duk abinci ne, a ci a sha, babu wanda aka hana mai shan TLD. Maganata a kan ƙwaya da siro da gari ne, waɗanda aka tara sinadarin da yawa a wuri ɗaya.

Maganin ƙwannafi shi ne wanda abinci ba ya gyarawa, shi sai tazarar lokaci. Kowa ta san yadda ƙwannafi yake damun mai tsohon ciki, kuma farin ruwan nan da farar ƙwayar da ake taunawa suna nan a kowane tebur na kasuwa, ba wanda yake ɗaukar su a matsayin magani mai haɗari. Mai shan maganin sida ta fara gwada abin da ba ya buƙatar kuɗi: ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta rage yaji da mai, kada ta kwanta da ta gama cin tuwo, ta ɗaga matashin kai. Idan bai lafa ba ta zo likita, akwai wasu magungunan ƙwannafi da ba sa taɓa dolutegrabir. Sai kuma farar ƙasa. Kada ku yi dariya, na san akwai mai ita a ƙullin zane a nan inda muke zaune. Laka ce, kuma halin laka shi ne kama abin da ta tarar a ciki, magani ne ko ƙarfen da ke cikin abinci. Shawarata ga kowace mai ciki ita ce ta bar ta. Kwaɗayin farar ƙasa ma sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, a zo a duba.

Yanzu sai yara. Jaririn da uwarsa ke da cutar ana ba shi siro na rigakafi tun daga ranar haihuwa har mako shida, wani lokaci fiye da haka idan likita ya ga dalili. A mako na shida ake ɗaukar ɗigon jininsa a auna, a kuma fara ba shi kotrimoksazol, wanda kuka sani da Bactrim. Nono zalla har wata shida, kamar kowane yaro, ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo. Ga wannan jaririn dokar ta fi tsanani, domin haɗa nono da wani abu tun yana ƙarami yana ƙara haɗarin cutar ta shige shi. Bayan wata shida a fara kunu, a ci gaba da nono, uwa kuma ta ci gaba da maganinta.

Yaron da aka tabbatar yana ɗauke da cutar, shi ma yanzu dolutegrabir ake ba shi, ƴar ƙwaya mai narkewa a ruwa wadda ake iya farawa tun yana da mako 4 da nauyin kilo 3. A narka ta a ɗan ruwa mai tsabta, a ba shi kafin rabin awa ya wuce, a ɗauraye kofin da wani ɗan ruwan a sake ba shi. Duk abin da na faɗa a kan uwa ya hau kansa. Idan ya yi zawo aka ba shi zink na kwana 10 zuwa 14, ko aka rubuta masa siro na ƙarin jini, ko ana barbaɗa masa garin bitamin a kunu, a raba: maganinsa da safe, waɗannan da yamma. Ruwan gishiri da sukari na zawo ba ya cikin lissafin nan, a ba shi ko yaushe. Plumpy'Nut, wanda kuke kira biskit, abinci ne kuma magani ne na tamowa, kada a tsayar da shi saboda maganin sida. Abin da nake hanawa kawai shi ne a cakuɗa ƙwayar a cikin biskit ko a kwanon kunu, domin idan yaro ya ture bai cinye ba, babu wanda ya san nawa ya sha, in kuwa yayansa ya lashe sauran, an yi hasara biyu. Kuma ku rele ku lura: yaron da aka saka a CRENAS yana cin biskit mako bayan mako bai ƙara nauyi ba, a mai da shi likita, akwai awon da ya kamata a yi masa, har da na tarin fuka da na sida.

Maganar Bactrim tana da wani reshe da ya shafe ku kai tsaye. Bactrim da Fansidar dangi ɗaya ne. Fansidar shi ne ƙwaya ukun nan da ake ba mai ciki a wurin awo, ta haɗiye a gaban ungozoma, don kare ta daga masassarar cizon sauro. Shi ne kuma yake cikin maganin CPS da kuke bi gida-gida kuna ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 da damina. Wanda yake shan Bactrim kullum ba a ba shi Fansidar. Haɗa su ba ya ƙara kariya, domin Bactrim ɗin ma yana kare mutum daga masassara, sai dai ya ƙara haɗarin illa, musamman wani mummunan ciwo da yake sa fata da baki da ido su kwaile, wanda yana iya kisa. Don haka tambayar nan da aka koya muku ku yi a kowace ƙofa kafin ku ba da CPS, cewa ko yaro yana shan Bactrim, kada ku tsallake ta saboda sauri ko rana ta yi zafi. Ku yi ta ga kowace uwa da murya iri ɗaya. Idan ta ce i, ku rubuta, ku wuce, kada ku ce na mene ne. Ana ba yara Bactrim don cututtuka da yawa, amsar ba ta tona asirin kowa ba. Yaron da mai cikin su kwana a gidan sauro, idan jiki ya yi zafi a kai su awo. Coartem da ake ba mai masassara ba ya faɗa da TLD.

Inda ake samun tuntuɓe a nan shi ne karne biyu. Mata da yawa suna karɓar maganin sida a gari mai nisa inda ba a san su ba, awon ciki kuma suna yi a CSI na garinsu. Ban ga laifinsu ba, na san abin da suke gudu. Amma ungozomar garinku ba ta san gaibu ba, za ta miƙo Fansidar kamar yadda take miƙa wa kowa. Ki nemi ganin ta ke kaɗai, ko ki miƙa mata kwalbar maganin a cikin karne ba tare da kin ce uffan ba, za ta gane.

Akwai kuma wata hanyar da magani yake cin wani, wadda raba lokaci ba ya gyarawa. Hanta ita ce take narkar da magunguna ta fitar da su daga jiki, kuma akwai magungunan da suke zuga ta ta riƙa aiki da gaggawa. Babbansu shi ne rifampisin, wanda yake cikin maganin tarin fuka, shi ne mai sa fitsari ya yi ja. Tarin fuka shi ne ciwon da ya fi kashe masu cutar sida a duniya, don haka sau da yawa mutum ɗaya yana shan magungunan biyu. Rifampisin yana sa hanta ta share fiye da rabin dolutegrabir. Abin da ake yi shi ne a ƙara wa mutum wata ƙwayar dolutegrabir ita kaɗai, mai miligiram 50, ya sha awa 12 bayan TLD: idan wannan da ƙarfe 7 na safe, waccan da ƙarfe 7 na dare. Ana ci gaba da ƙarin har mako biyu bayan an gama maganin tarin, domin hanta ba ta komawa daidai nan take. Duk wanda ya fara maganin tarin fuka yana kan TLD ba a ƙara masa wannan ƙwayar ba, ya koma ya tambaya. Tun da shi safe da dare duka yana da dolutegrabir, idan yana buƙatar ƙarin jini sai ya sha shi awa 2 bayan ta safe, ko kuma a tsakiyar cin abinci.

Magungunan farfaɗiya irin su Gardénal da Tégrétol su ma haka suke zuga hanta. Kada a tsayar da su da kai, barin su farat ɗaya yana tayar da ciwon, likita ne zai ƙara awo ko ya canja. Mai ciwon sukari da ke shan metformin kuwa, abin juyawa yake yi: dolutegrabir ne yake sa metformin ya taru a jini, don haka ake taƙaita yawansa.

Sai masu tallar magani a faranti da kan keke. Mace ta wuni tana daka da ɗibar ruwa, baya ya riƙe, ta sayi diklofenak ko ibuprofen ta sha, gobe ta ƙara, jibi ta ƙara. Tenofobir da ke cikin TLD ta ƙoda yake fita, kuma waɗannan magungunan suna wahalar da ƙoda. Idan aka haɗa su kwana da kwanaki, musamman da bazara lokacin da jiki yake bushewa, ko bayan zawo da amai, ƙoda tana iya lalacewa ba tare da wata alama ba sai abin ya yi nisa. Mai tsohon ciki ma, ko ba ta da cutar, bai kamata ta sha su ba. Parasetamol a kan awon da aka faɗa ya fi aminci. A kan sassaƙe da jiƙo da garin saiwa, ba na raina abin da muka gada, ni ma da shi aka rene ni. Sai dai ba shi da awo, kuma hanta da ƙodar da suke ɗauke da maganin sida su ne za su ɗauke shi. Wadda take sha ta faɗa wa likita sunansa ba tare da kunya ba. Wanda kuwa ya ce yana da maganin da yake warkar da sida, a bar ARV a sha nasa, wannan kuɗinku yake so. Barin TLD yana da wani haɗarin ma da mutane ba su sani ba: tenofobir da lamibudin suna danne ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a ƙasarmu, kuma mai ɗauke da shi idan ya tsayar da su farat ɗaya ciwon yana iya tasowa da ƙarfi.

A kan tazarar haihuwa albishir ne, TLD ba ya rage ƙarfin ƙwaya ko allura ko ashanar hannu. Tsohon maganin nan mai efabirenz, wanda yake sa jiri da mafarkai, shi ne yake raunana ashanar hannu har mace ta ɗauki ciki tana sanye da ita, haka ma rifampisin. Wadda take kan ɗayansu ta faɗa kafin a saka mata. Wadda kuma aka mayar layi na biyu, magani mai ritonabir, lallai ta sanar da ungozoma tun kafin naƙuda, domin akwai allurar tsayar da jini da ake kira Méthergin wadda ba a haɗa ta da shi.

Na dawo gare ku, rele. Sunayen nan suna da yawa, ba a ce ku haddace su ba, kuma ba aikinku ba ne ku canja wa kowa magani. Ba aikinku ba ne kuma ku san wace ce take shan ARV. Idan kun sani ta wata hanya, ko ta amince da ku ta faɗa muku, amana ce, dokar ƙasarmu ta shekarar 2015 a kan cutar sida ta kare sirrin mai ɗauke da ita. Na ga macen da aka saka saboda kalma ɗaya da ta fita a bakin rijiya, na kuma ga wadda ta bar shan magani saboda ta lura rele yana yawan shiga gidanta fiye da na maƙwabta. Don haka ku mai da maganar ta kowa. Duk lokacin da za ku miƙa ƙwayar ƙarin jini ko zink, a kowane gida, ku ce: idan akwai wani magani da kike sha kullum, ko yaro yake sha, kowane iri ne, a raba su, ɗaya da safe ɗaya da dare, kuma a faɗa wa likita. Mai hawan jini za ta ji, mai ciwon sukari za ta ji, wadda muke nufi ma za ta ji, babu wanda zai nuna ta da yatsa. Idan wata ta ce muku ta sha maganinta tare da jar ƙwaya wata da watanni, kada ku firgita ta. Ta gyara daga yau, ta gaya wa wanda yake ba ta magani don a auna jininta. Idan kuwa kuka ga ƙuraje sun feso wa mutum bayan ya fara sabon magani, ko baki ya kwaile, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu ƙafa ta kumbura, a kai shi likita a ranar, kada a jira kasuwa ta ci.

Ku kuma iyaye mata, ranar awo mai zuwa kowace ta zo da duk maganin da take sha a cikin leda, na likita da na kasuwa da na gargajiya, nata da na yaro. Kowa za ta kawo, don haka babu wadda ledarta za ta zama abin kallo. Za a riƙa shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ƙofa a rufe, mu duba tare mu tsara lokacin kowanne. Wadda take da tambayar da ba ta son yi a cikin jama'a, ina nan har azahar. Yanzu masu juna biyu su matsa inuwa a fara da su, masu goyo kuma su kwance yara a auna damtse.